Dusar Ƙanƙara da Kasuwar Zamiya a Kan Tsaunuka: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai garuruwa a Turai da Amurka da Japan da abincin mutanensu ya rataya a kan abin da zai faɗo daga sama cikin wata huɗu kacal. Dusar ƙanƙara suke jira yadda manomi ke jiran ruwan shuka. In ta zo da wuri, otal-otal su cika, 'yan haya su samu, mai gidan abinci ya ƙara ma'aikata. In ta yi jinkiri, bashin banki ba ya jinkiri. Ga wasu tambayoyi da mai son fahimtar wannan harka zai iya yi, da amsoshinsu.

Wai me ake sayarwa a wuraren zamiya? Dusar ai kyauta ce.

Dusar kyauta ce, hawan dutsen ne na kuɗi. Mai zamiya yana ɗaura wasu dogayen allo biyu a ƙafa ya sulalo daga saman tsauni zuwa gindinsa, kuma ba zai iya komawa sama da ƙafa sau ashirin a yini ba. Don haka kamfani ke kafa turakun ƙarfe, ya ja igiyar ƙarfe a kai, ya rataya kujeru ko ƙananan ɗakuna masu ɗaukar mutane zuwa sama. Tikitin hawa wannan kujera shi ne ginshiƙin cinikin. A gefensa akwai hayar kayan zamiya, makarantar koyon wasan, abinci, ɗakunan kwana, da shaguna. Sau da yawa kuɗin da baƙo ke kashewa a cikin gari ya ninka na tikitin nesa ba kusa ba, shi ya sa in kujeru suka tsaya, gari gaba ɗaya ke tsayawa.

Ma'aunin da masu harkar ke amfani da shi shi ne yawan yinin zamiya: mutum ɗaya ya hau dutse yini ɗaya, an ƙirga ɗaya. Amurka da Faransa da Ostiriya su ne kan gaba a wannan ƙidaya, kowace tana samun wajen miliyan 50 ko fiye a shekara mai kyau.

Yaushe kakar ke farawa, yaushe take ƙarewa?

A tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya da Jamus da Sulobeniya, yawancin wurare na buɗewa ne a watan Disamba su rufe a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Masu tsayi sosai kan buɗe tun ƙarshen Nuwamba su kai farkon Mayu. A kudancin duniya abin juyewa yake: Ostireliya da Niyu Zilan da Chile da Ajantina suna zamiyarsu ne daga Yuni zuwa Satumba ko Oktoba.

Amma kwanakin kakar ba darajarsu ɗaya ba. Makonni biyu na Kirsimeti da Sabuwar Shekara, sai hutun makarantu na watan Fabrairu, su ne kasuwar sallar masu wannan sana'a. Faransa ma ta raba makarantunta shiyya uku, kowace shiyya na tafiya hutun mako biyu a lokaci daban, yadda hutun zai miƙe ya kai mako huɗu, otal-otal su daɗe a cike. Sai kuma Ista, wadda ba ta da tsayayyar rana: takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Shekarar da ta zo da wuri, ana samunta da dusa a ƙasa. Shekarar da ta yi latti, ƙananan wurare sun riga sun rufe kafin ta iso.

Ke nan shekarar da dusa ta fi yawa ita ce ta fi riba?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Duk wanda ya san noma ya san ba yawan ruwan damina kaɗai ke cika rumbu ba. Ruwa na iya yin yawa a Agusta bayan fari ya riga ya ƙone shuka a Yuni, a ƙarshen shekara a ce an samu ruwa mai yawa, manomi kuwa ya san bai samu komai ba. Haka dusa take. Mita guda da ta zuba a makon farko na Disamba ta fi mita uku da suka zuba a ƙarshen Maris amfani ga mai kamfani, domin ta farko ce ke sa a buɗe kafin Kirsimeti, ita ce kuma ake ɗaukar hotonta a watsa a intanet mutane su fara kama ɗakuna. A ƙarshen Maris kuwa, ko dutse ya yi fari fat, hankalin mutanen birni ya riga ya koma kan keke da lambu da bakin teku.

Hunturun 2022 zuwa 2023 ya nuna wannan a fili. Sanyi ya fara da kyau a farkon Disamba, sai iska mai ɗumi ta shigo Turai dab da Kirsimeti, ruwan sama ya sauka a inda ake jiran dusa. Ranar 1 ga Janairun 2023 zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na Suwizalan, abin da ba a saba gani ba a tsakiyar hunturu. Wurare da dama a Faransa da Suwizalan sun rufe hanyoyin zamiyarsu a daidai makon da suka fi dogara da shi. A Adelboden ta Suwizalan, inda ake gasar cin kofin duniya ta zamiya a kowace Janairu, an yi gasar ne a kan wani farin zirin dusar inji, wato wadda injina ke yi da ruwa, dama da hagu kuwa ciyawa ce. Daga baya dusa ta zo, amma kuɗin Kirsimeti ba ya dawowa.

Masu harkar suna da wani tsohon ma'auni da suke kira ƙa'idar kwana 100: wuri bai cancanci a kira shi abin dogaro ba sai yana samun dusa mai kaurin aƙalla santimita 30, na tsawon kwana 100, a shekara bakwai cikin goma. Duba da kyau, ba a ambaci jimillar abin da ya zuba ba. Daɗewarta a ƙasa ake nema.

Da gaske ne dusar tana raguwa, ko dai shekaru ne ke bambanta kamar kullum?

Duka biyun gaskiya ne. Shekaru na bambanta sosai, har yanzu kuma ana samun hunturun da dusa ke binne motoci. Amma idan aka ɗauki shekara hamsin aka jera, hanyar da abin ya dosa ba ta ɓuya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara bayanan tashoshin auna dusa kimanin 2,000 a ƙasashen Alps daga 1971 zuwa 2019, ya gano cewa a wuraren da ba su kai mita 2,000 ba, lokacin da dusa ke rufe ƙasa ya ragu da kwana 22 zuwa 34. Wata guda ke nan, daga cikin kakar da dama wata huɗu ce. Mafi yawan asarar a ƙarshen kaka take, domin dusar na narkewa da wuri.

Daskararriyar ƙanƙarar da ke saman tsaunuka tun dubban shekaru ita ma tana tafiya. Ta Suwizalan ta yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. A Yulin 2022 sai da Zermatt, wani wurin zamiya a Suwizalan, ta dakatar da zamiyar lokacin zafi, wadda take alfahari da ita.

Game da gaba kuwa, nazarin da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya ce idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin 100 na wuraren za su shiga babban haɗarin ƙarancin dusa in ba a haɗa da ta inji ba. Idan ya kai digiri 4, kashi 98. Ko da an rufe rabin hanyoyin zamiya da dusar inji, adadin zai sauko ne zuwa kashi 27 da kashi 71.

Me ya sa ake ta maganar tsayin dutse?

Saboda duk mita 100 da ka ƙara sama, sanyi na ƙaruwa da sama da rabin digiri. Hadari ɗaya zai zubar da ruwa a ƙauyen da ke mita 1,000, ya zubar da dusa a wanda ke mita 2,000. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi a Alps shi ne duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana tura iyakar dusa mai dogaro sama da wajen mita 150.

Shi ya sa Val Thorens ta Faransa, wadda garinta kansa ke kan mita 2,300, ba ta cikin fargabar da ƙauyukan tsaunukan Jura da Vosges ke ciki. Har ma ana iya cewa shekarar fari riba ce gare ta, tunda duk wanda ya rasa dusa a ƙasa sama zai nufa. Fuskar dutse ma na da tasiri: gangaren da ke kallon arewa ba ya shan rana sosai, dusarsa ta fi daɗewa.

To in haka ne, me ya sa ake jin manyan kamfanonin na samun kuɗi fiye da da?

Domin kuɗin ba ɓacewa ya yi ba, ƙaura ya yi. Ya tashi daga ƙananan wurare na ƙasa-ƙasa ya koma manya na sama, waɗanda ke da jarin sayen injinan dusa da ƙarfin tsawwala farashi. Idan ka duba jimillar ƙasa baki ɗaya sai ka ce lafiya lau, alhali a cikin jimillar akwai wanda ya ninka cinikinsa da wanda ya kulle ƙofa.

Amurka ta kafa tarihi a kakar 2022 zuwa 2023 da yinin zamiya sama da miliyan 65. A shekarar, yammacin ƙasar ya samu dusar da ba a daɗe da ganin irinta ba: Alta da ke jihar Utah ta auna inci 903, kusan mita 23, Mammoth ta Kalifoniya kuma ba ta rufe ba sai a farkon Agusta. Kwatanta wannan da kakar 2011 zuwa 2012, shekarar ƙarancin dusa, lokacin da adadin ya faɗo wajen miliyan 51. Tazarar miliyan 14 ke nan tsakanin shekarar yalwa da shekarar fari. Saboda haka sama na da ta cewa har yanzu. Abin da manyan kamfanoni suka koya shi ne yadda za su hana wannan hawa da sauka taɓa aljihunsu kai tsaye.

Ta yaya suka yi hakan?

Da dabarar karɓar kuɗi tun kafin a ga hadari. A 2008 kamfanin Vail Resorts na jihar Kolorado ya fito da tikitin kaka da ya kira Epic Pass, a kan dala 579, wanda ke ba mutum damar hawa duwatsun kamfanin iya son ransa har kakar ta ƙare. Sharaɗin shi ne a saya tun kafin hunturu ya kankama. Daga nan kamfanin ya shiga sayen wurare: Perisher a Ostireliya a 2015, Whistler Blackcomb a Kanada a 2016, kaso mafi tsoka na Andermatt-Sedrun a Suwizalan a 2022, sai Crans-Montana a 2024. Yanzu yana da wurare sama da 40. Abokin hamayyarsa Alterra ya fito da nasa, Ikon Pass, a 2018.

Hikimar iri biyu ce. Ta farko, ba a haɗa ƙwai a kwando ɗaya ba: in Kalifoniya ta bushe, wataƙila Kolorado ko Kanada ta samu. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, haɗarin ya koma kan mai saye. Kamar dillalin da ya sayar da amfanin gona tun ba a yi shuka ba, ya kuma karɓi kuɗinsa cif. A yi dusa ko kada a yi, kuɗin na asusu. Domin a tura mutane ga tikitin kaka, sai aka tsawwala na yini guda, har ya haura dala 300 a ranakun hutu a wasu manyan wuraren Amurka. Wanda ya saba zuwa ya samu sauƙi, amma iyalin da ke son gwadawa sau ɗaya su gani, an kusa rufe musu ƙofa. A ganina nan ne dabarar ke cin kanta, domin yaron da bai koyi wasan ba yau, ba shi ne zai sayi tikitin kaka nan da shekara ashirin ba.

A Turai kuma wasu wurare, musamman a Suwizalan, sun koma farashi mai canzawa irin na tikitin jirgin sama: ka saya da wuri ka samu rangwame, ka jira sai ka ga rana ta fito dusa ta kwanta, ka biya da tsada.

Ita dusar inji, dusa ce ta gaskiya?

Ruwa ne da iska, ba a buƙatar wani abu daban. Inji na fesa ruwa ƙanana-ƙanana cikin iska mai sanyi, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Ƙwayoyinta dunƙulallu ne, sun fi na sama nauyi da tauri, shi ya sa ta fi jure zafi da takun dubban mutane, kodayake gwanayen wasan sun fi son laushin ta sama. A Amurka aka fara ta a farkon shekarun 1950, yau kuma ɗaya daga cikin manyan masu ƙera injinan shi ne TechnoAlpin da ke Bolzano a arewacin Italiya. Kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiyar Italiya na da waɗannan injina, Ostiriya wajen kashi 70, Suwizalan sama da rabi, Faransa wajen kashi 40. Gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijing a 2022 kusan gaba ɗayanta a kan dusar inji aka yi ta.

Sai dai inji ba ya ƙirƙirar sanyi. Yana buƙatar ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da wajen digiri 2, ko kusa da haka in iska a bushe take. A dare mai ɗumi, ko kana da inji dubu, ruwa kawai za ka fesa. Ga kuma ƙishirwarsa: mita kubik ɗaya na ruwa na bayar da kimanin biyu na dusa, don haka sai an haƙa manyan tafkuna a saman tsauni an tara ruwa. Wannan kan jawo rigima da makiyaya da masu kare muhalli. A La Clusaz ta Faransa, kotu ta dakatar da aikin haƙa irin wannan tafki a 2022 bayan doguwar zanga-zanga. Wutar lantarki ma ba arha ba, kamar yadda kowa ya ɗanɗana a hunturun da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Yukren.

Akwai kuma masu yi wa dusa rumbu. A Davos ta Suwizalan ana tara tulinta a ƙarshen kaka a lulluɓe da garin katako, a Levi da Ruka na Finlan a rufe ta da manyan barguna masu hana zafi shiga. Mafi yawanta na tsira har kaka ta zagayo, a baje ta a buɗe da wuri. Wani lokaci ma neman mafita kan kai ga abin dariya: a Fabrairun 2020 an yi jigilar tan 50 na dusa da jirgi mai saukar ungulu zuwa Luchon-Superbagnères a tsaunukan Pyrénées, abin da ya jawo suka har daga gwamnatin Faransa.

Su waye ke kwana a ciki idan kaka ta lalace?

Na farko ma'aikatan kaka: masu kula da kujeru, masu koyarwa, masu wanke-wanke, waɗanda in ba a buɗe ba, ba aiki. A Faransa ana ƙiyasta ayyuka wajen 120,000 ne ke rataye da buɗewar wuraren zamiya. Na biyu ƙananan hukumomi, domin yawancin ƙananan wuraren Faransa mallakarsu ne, kuma da harajin mutanen gari ake cike giɓi.

La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, ta rufe a 2023 bayan shekara da shekaru na asara, aka yanke shawarar kwance kujerunta. Métabief da ke Jura ba ta jira ta kai ga haka ba: shugabanninta sun fito fili sun ce zamiya a dutsensu ba za ta wuce shekarun 2030 zuwa 2035 ba, suka daina zuba manyan kuɗi a sabbin kujeru, suka koma lallaɓa tsofaffin. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto tana cewa tsarin da aka gina tattalin arzikin tsaunuka a kansa tun shekarun 1960 da 1970 ya fara gajiya, kuma wurare kaɗan ne ke da tabbacin ɗorewa bayan 2050.

Dusa kan yi yawa har ta ɓata ciniki?

Sosai. A Janairun 2018 baƙi kusan 13,000 sun maƙale a Zermatt saboda an rufe hanyar mota da ta jirgin ƙasa don tsoron zaftarewar dusa. A Fabrairun 1999 zaftarewa ta faɗa wa ƙauyen Galtür na Ostiriya ta kashe mutum 31. Ko ba a kai ga haka ba, iska mai ƙarfi kaɗai ta isa ta tsayar da kujeru yini guda. Abin da mai kamfani ke roƙo shi ne dusa ta sauka da dare a tsakiyar mako, Asabar da Lahadi kuma rana ta fito.

Ban da yanayi, akwai abin da ke juya kasuwar?

Akwai, kuma hunturun 2020 zuwa 2021 ya ishe mu misali. Dusa ta zuba da kyau a Alps, amma saboda annobar korona gwamnatin Faransa ta hana kujeru motsi tsawon kakar, maƙwabciyarta Suwizalan kuwa ta bar nata a buɗe. Dutse ɗaya, dusa ɗaya, ciniki daban. Darajar kuɗi ma na taka rawa: faɗuwar kuɗin Japan a shekarun nan ta sa baƙi daga Ostireliya da sauran ƙasashe yin tururuwa zuwa Niseko a tsibirin Hokkaido, inda iskar Saiberiya ke ɗebo danshi daga tekun Japan ta zubar da shi a matsayin dusa mai laushi kamar gari.

Ba za su iya komawa kasuwar lokacin zafi ba?

Suna ƙoƙari: tseren keke daga saman dutse, yawon ƙafa, bukukuwan kiɗa, wuraren wanka da ruwan ɗumi. Zafin da ke addabar biranen Turai ma na koro mutane zuwa tsaunuka. Matsalar ita ce mai yawon ƙafa na iya zuwa da burodinsa a jaka ya yini bai kashe komai ba, mai zamiya kuwa dole ya sayi tikiti, ya yi hayar kaya, ya kwana. Har yanzu kuɗin hunturu ne ke ɗauke da shekara. Kamfanin Compagnie des Alpes, mai gudanar da wuraren zamiya na La Plagne da Les Arcs a Faransa, ya bi wata hanyar: ya haɗa da wuraren wasan yara da manya irin su Parc Astérix da Futuroscope, waɗanda ba ruwansu da dusa.

A Afirka fa, ana wannan wasa?

Ana yi, kaɗan. A Maroko akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas, tafiyar ƙasa da awa biyu daga Marrakesh, a tsayin da ya haura mita 2,600. Kakarta gajera ce, ba ta da tabbas, kuma farin da ya addabi Maroko shekaru a jere ya sa wasu hunturun masu hayar kaya da masu sayar da shayi ke zaman jiran dusar da ba ta zo ba sai can a makare. A Lesoto akwai Afriski, sama da mita 3,000, wadda ke buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, kuma da injinan dusa take rayuwa.

Mafi yawan mutanenmu da suka taɓa taka dusa da allon zamiya, mai yiwuwa ba a kan dutse suka yi ba. A Dubai ne, cikin katafaren kantin Mall of the Emirates, inda aka buɗe Ski Dubai a 2005. A can ana riƙe sanyi ƙasa da sifili duk shekara, a waje kuwa zafi na haura digiri 40, kuma tikitin ya haɗa da aron rigar sanyi da takalmi.